Lafiya Jari: Idan Fatar Ido Ta Faɗi Farat Ɗaya

Idan mutum ya wayi gari fatar idonsa ɗaya ta rufe, yana ganin abu bibbiyu, baƙin idon ya buɗe, ga ciwon kai, kada a tsaya ɗiga magani ko a ce iska ce. Wani lokaci jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa ta kumbura kamar balan-balan, ta danne jijiyar da ke ɗaga fatar ido da juya shi. Idan ta fashe, rai ake magana. Ko kana Akara ko Yawunde, kada ka ce sai ka koma gida. A tafi babban asibiti ranar, a ɗauki hoton jijiyoyin kai. Ciwon suga ma kan kawo irin wannan, hoton ne zai raba gardama.

Likitoci kan toshe kumburin ta hanya biyu: tiyata a maƙale wuyansa da ɗan ƙarfe, ko a zura siririn bututu ta matsematsi a cike shi da lallausar waya.

To, idon zai dawo? Sau da yawa yakan dawo, amma a hankali. Fatar ce kan fara ɗagawa, juyawar idon ta biyo baya cikin watanni, wani har shekara. Wanda aka yi wa aiki da wuri ya fi samun sauƙi.

Uwargida, a taya maigida haƙuri. Muddin yana gani bibbiyu, ban da tuƙi. A bar taba, a kula da hawan jini. Allah ya ƙara mana lafiya.