Kallon Da Ba Shi Da Ƙofa

Malamai ma'abota allo da tawada, da 'yan kasuwa ma'abota mudu da ma'auni, ga wata magana wadda ta shafi jama'ar nan biyu gaba ɗaya, ko da yake kowace tana zaton ta ɗaya ce.

Duk wanda ya san Bompai a zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, ya san yadda hanya takan cika maƙil da kekuna da zarar jiniya ta yi kuka. Ita ce unguwar masana'antu ta fari a Kano, tun shekarun 1950, daga baya aka yanka Sharaɗa da Challawa. Da yawa daga cikin leburorin nan gardawa ne da suka zo birni neman karatu ko cin rani, aikin kamfani ya riƙe su, suka kama ɗakuna a Gwagwarwa da Tudun Wada da Dakata, waɗansu a Ja'en da Panshekara. In wata ya mutu aka yi biya, mai tsoron Allah ya aika wa iyaye, ya sayi littafi, wani kuwa ya hau kekensa ya nufi Fagge ko Sabon Gari, ya kai wa mai sinima rabonsa. To, yau wanda ya ratsa Sharaɗa bayan isha'i zai tarar da kamfanoni da yawa a garƙame, ga maigadi a zaune bisa benci, fuskarsa na haske da hasken waya. Abin da ubansa yakan yi tafiya ya biya kuɗi a ƙofa kafin ya gani, shi ne wannan yake kallo a tafin hannunsa, ba wanda ya gan shi, ba wanda ya tambaye shi.

Ya kamata a tuna yadda abin ya faro. Kwarori, watau mutanen Lebanon, su ne suka gina sinimar Rex a shekara ta 1937, a bayan ganuwa. Mutane suka sa wa abin suna dodon bango, ga kuma majigi wanda hukuma ke yawo da shi a mota tana nuna tsabta da noma. A watan Mayu na 1951 gobara ta kama sinimar El Duniya, mutum 331 suka hallaka a dare ɗaya, Allah Ya jiƙan Musulmi. Bincike ya nuna wutar ta tashi ne daga wajen na'ura, amma a cikin gari mutane da yawa sun ɗauke ta hukunci ne. Ba a jima ba aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni, kusa da Kasuwar Kurmi, malamai suka yi ta ƙi, ba a ji ba. Sai a 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya mai da ita asibiti. Sauran, irin su Plaza da Orion da El Dorado da Wapa da Marhaba, suka ci gaba da nuna finafinan Indiya da na Sin da na Amurka shekara da shekaru.

Malaman da suka yi gāba da sinima ba su yi kuskure ba. Gefenta matattara ce ta 'yan daba da masu shaye-shaye, macen da aka gani a ciki kuwa ta zubar da mutuncinta ke nan. Amma sai mai karatu ya lura da wani abu wanda ba a cika faɗa ba. Sinima gini ce, tana da wuri sananne, tana da ƙofa, tana da mai tsaron ƙofa. Galibinsu ba su da rufi, saboda haka ba a fara nuni sai duhu ya yi, in fim ya ƙare a watse. Yaron da ya je, wani ya gan shi a layin tikiti, kafin gari ya waye labari ya isa ga ubansa ko malaminsa. Wanda aljihunsa ya bushe kuwa dole ya haƙura sai wata biyar. Watau sharrin yana da iyaka ta wuri, da ta lokaci, da ta kuɗi, ga kunya kuma tana tsaye a bakin hanya.

Da akwatin talabijin ya yawaita bayan kuɗin Udoji, bidiyo kuma ya biyo baya a shekarun 1980, sai kallo ya tsallake soro ya shiga tsakar gida. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ƙirgawa shi ne fim ɗin Hausa na farko a kaset, kafin shekara goma kuwa sana'ar ta bunƙasa har ta sami suna Kannywood. Kowace unguwa ta sami shagon haya. Uwargida ta aiki yaro da kuɗi, mai shago ya rubuta sunan gidan a littafi, ya ba da kaset na kwana ɗaya, in an makara a biya tara. Nan ma akwai sauran ƙofa. Mai shago ɗan unguwa ne, ya san kowa, kowa ya san shi, ba ya iya miƙa wa ɗan liman abin da zai ji kunyarsa gobe a masallaci. Akwatin ɗaya ne a gida, a bainar kowa, in wani abu ya bayyana da bai dace ba uwa ta aiki yara ɗebo ruwa. Har NEPA ma, da ake ta tsine mata, ta yi wa iyaye aikin da ba su gode mata ba, gama sau da yawa ita ke tashin taro a kwanta.

Yanzu maganar ta iso ga 'yan kasuwa. Ƙofar nan da ake faɗa ba wurin tsaro kaɗai ba ce, nan ne kuma ake karɓar kuɗi, kuɗin kuwa a Kano yake kwana. Wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Wambai a wancan zamani ya ga injunan kwafi jere suna aiki ba hutu. Mai fim ya buga kwalaye ya kai wa dila, dila ya zuba fim a kaset ya sa a kwali, fatake su ɗauka zuwa Katsina da Sakkwato da Jos, har Maraɗi da Damagaram da Agadas, har Kamaru da Gana. Mai buga kwali ya ci, ɗan dako ya ci, direba ya ci, mai gyaran bidiyo ya ci, mai shagon haya ya aurar da 'ya'yansa. Kada kuma a manta, injunan nan da hanyoyin nan su ne suka ɗauki kaset ɗin tafsiri da wa'azi da karatun alarammomi suka kai su inda ƙafar malami ba ta taɓa zuwa ba. Da masaƙu suka fara rufewa, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da rashin wutar lantarki da kwararowar atamfar waje, ba kaɗan ba ne cikin samarin da suka rasa aikin kamfani suka sami abin yi a wannan harka.

Rushewarta ba ta ɗauki lokaci ba. Faifan sidi ya kori kaset, satar fasaha ta cinye sidi, wayar hannu da ta shigo ƙasar nan a 2001 ta girma ta haɗiye su duka. Masu tura fim a waya suka kafa tebur a bakin titi da kwamfuta ɗaya, a ba su 'yan nairori su cika wa mutum waya. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki, a 2016 Netflix ya buɗe wa Nijeriya, a 2019 aka kafa Northflix domin finafinan Hausa, a 2020 kuwa, shekarar kullen annoba, Izzar So da Labarina suka nuna wa kowa cewa kasuwa ta koma YouTube. Ba a nan kaɗai aka ga haka ba: a Amurka ma babban kamfanin haya, Blockbuster, ya karye a 2010. Gidajen sinima na dā waɗansu sun zama kantuna, waɗansu rumbunan ajiye kaya, daidai da abin da ya sami masaƙu da yawa na Bompai da Sharaɗa.

To, ina kuɗin yake tafiya yanzu? Mai kallo yana zaton kyauta yake kallo, alhali kuwa sau biyu yake biya. Ya biya kamfanin waya kuɗin data, wanda aka yarda a ƙara masa kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Sa'an nan ya biya da idonsa, gama YouTube na kamfanin Google ne na Amurka, cinikinsa kuwa talla ce: yana sayar wa masu talla da lokacin mai kallo, ya ɗebi nasa, ya ba mai fim saura. Idon da ke kallo daga Kano kuma ba a saye shi da tsadar wanda ke kallo daga Ingila. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya ga yadda garin da ke saƙa tufa ya koma mai sarin ta wasu. Bambancin kawai shi ne, a wannan karo labarin na Kano ne, 'yan wasan na Kano ne, masu kallon na Kano ne, amma rumfar ta wani ce, shi ke yanka haya, ba kuwa a san fuskarsa ba balle a roƙe shi ragi.

A nan ne mafi girman illar take, malamai su dube ta da kyau. Mai shagon haya so yake a dawo masa da kaset da safe don ya ba wani. Mai wannan rumfa kuwa ba ya son mutum ya tashi ko kaɗan, domin kowace daƙiƙa kuɗi ce a gare shi. Shi ya sa in wani kashi ya ƙare wani ke biyo shi da kansa ba a taɓa komai ba. Shi ya sa fim ɗin da dā yake ƙarewa cikin sa'a biyu ya koma mai dogon zango, ana jan labari kamar ƙaro shekara da shekaru, don mai fim ma ba shi da wata hanyar cin abinci sai ta riƙe ido. Kamfanonin waya kuma suka sa garaɓasarsu a tsakar dare. Sai a ɗauki misalin lebura a majemar Challawa ko kamfanin roba a Sharaɗa, wanda ya raba dare yana kallo, da safe ya tsaya gaban injin da ba ya sanin yatsa daga roba. Ko gardin da ya kamata ya tashi tilawa kafin asuba. Hadda ba ta zama a kan da bai yi barci ba, kowane alaramma ya san wannan tun kafin a ƙera waya.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, lokacin da kasuwa take wuri ɗaya, ana iya zuwa a kama kaset a rufe shago. A watan Mayu na 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda ba a kawo mata su ta duba ba. Tana da hujjarta. Sai dai sandarta tana isa ne ga wanda ke da ofis a Zoo Road kawai. Fim ɗin Indiya da aka juya da Hausa, da na Turkiyya, da na Koriya, da abin da ke yawo a TikTok wanda ba ya faɗuwa a shafi irin wannan, ba mai kai su gabanta. In aka yi ta bugun ɗan gida har ya bar sana'a, yaro ba zai ajiye waya ba, zai koma ga baƙo ne wanda bai san alkunya ba.

Akwai kuma maganar da ba ta da daɗin ji, amma gaskiya ɗaya ce. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina wurin shirya finafinai a Kofa, ƙasar Bebeji, malamai da yawa suka tashi tsaye, aka janye. Niyyarsu kyakkyawa ce, toshe kafar ɓarna suke nufi. Amma a yi lissafi irin na 'yan kasuwa: shin kallo ya ragu tun daga ranar? Gini aka hana, ginin kuwa shi ne abin da ake iya sa wa ido, a gindaya masa sharaɗi, a san mai shiga da mai fita. An yi yaƙin Palace ne a zamanin da Palace ta riga ta koma aljihu.

Attajiran da ke da rumbuna a kulle a Bompai da Sharaɗa sun fi kowa sanin cewa kayan da jama'a ba za su daina saye ba gara a yi su a gida. Su zuba jari a wannan sana'a, su ja malamai masu fahimta a jiki tun wajen rubuta labari, su riƙe rumfar da kansu, ya fi su tsaya nesa suna Allah wadai kuɗin garin yana fita dare da rana. Maigida kuwa ba sauran mai tsare masa ƙofa, sai ya gina tasa: a san lokacin kallo, a yi shi a tsakar gida inda kowa ke gani, yaron da bai balaga ba kada ya kwana da waya. A makarantar allo ma haka. A sami akwati mai kwado, bayan karatun dare kowane gardi da kowane ƙolo mai waya ya saka tasa, ba a buɗewa sai an idar da karatun safe. Wayar malam ita za ta fara shiga, a gaban idonsu.