Ra'ayinmu: Kowace Ruga Ta Buɗe Littafin Daji

A wannan fitowa muna so mu ja hankalinku kan wani ɗan aiki wanda kuɗinsa bai kai na gishirin shanu na mako guda ba, amma rashin yinsa ya sha jawo mana asarar burtali da mashaya da dabbobi. Aikin kuwa shi ne kowace ruga ta sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wanda muke ce wa kaye, ta riƙa rubuta abin da ta gani a daji: ranar da ruwa ya sauka, ciyawar da ta tsiro, tapkin da ya ƙafe, tsuntsun da ya iso, da cutar da ta ɓulla.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani zaman sulhu da mai wannan rubutu ya halarta bara a wani ƙauye na ƙasar Mora. Rigimar a kan tapki ce wanda shanu ke sha tun kaka da kakanni, aka wayi gari gonakin masakuwa sun kewaye shi har hanyar shiga ta toshe. Mai shugabantar zaman ya yi mana tambaya uku: tun yaushe kuke shayarwa a nan, a wane wata ruwan ke ƙarewa, kuma a wace shekara aka fara noma bakin hanyar? Dattawanmu uku suka tashi. Na farko ya ce tun shekarar bushiya. Na biyu ya ce a'a, tun kafin babban fari. Na uku ya ce shi dai ya buɗe ido ya ga ana sha. Dukkansu gaskiya suka faɗa, amma da aka zuba amsoshin a takarda sai suka zama kamar suna ƙaryata juna. Manomin da muke jayayya da shi, wanda maƙwabcinmu ne kuma mutumin kirki, ya zaro takardu biyu masu kwanan wata. Aka tashi an bar mana 'yar siririyar hanya wadda shanu biyu ba sa jerawa a cikinta. Ba mu ga laifin mai hukunci ba, ba mu kuma ga na manomi ba. Mun je da ilimi cike da kai, hannu kuwa wayam.

Ya kamata kowa ya sani cewa tun 1978 akwai doka a Kamaru, mai lamba 78/263, wadda ta ɗora sasanta rigimar manoma da makiyaya a kan wani kwamiti da sufurefe ke shugabanta, tare da jami'an gona da na dabbobi da sarakunan wurin. Kwamiti kuwa da abin da aka ajiye a gabansa yake aiki. Gona tana da shaida, domin ga kunya ga kara kowa na gani. Sawun saniya kuwa ruwan farko ke shafe shi. In ba mu ajiye tamu shaidar ba, wa zai ajiye mana?

Babu mai musun cewa makiyayi ya san daji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Iyayenmu in sun ga shamuwa ta sauka kan tsamiya sun san damina ta kusa. In gawo ya fara zubar da ganye sun san ruwa na bisa hanya. Suna duban Kaza da 'ya'yanta a sama, malamai kuma suna da lissafin taurari 28 da suke bin shekara da shi. Amma wannan ilimi duk a ka yake, kai kuwa yana tsufa, yana mantuwa, ranar da aka binne shi an binne da abin da ke ciki. Yaranmu da yawa yanzu suna makaranta, wasu suna Marwa da Garwa suna neman abinci, ba sa kwana a ruga ballantana su ji daga bakin kakanni.

Ga wani darasi da ya isa misali. A 1979 aka gina madatsar ruwa ta Maga domin noman shinkafa. Daga nan ambaliyar kogin Logon ta ragu a cikin yayre, wato manyan fadamun da shanunmu ke cin rani bayan Waza. Sai ga farin 1983 da 1984 ya zo ya ƙara. Burgu da sauran ciyayi masu saiwa suka ja baya, ciyawa mai mutuwa da wuri ta maye gurbinsu. Makiyaya ne suka fara ganin haka, domin su ne ƙwaryar nononsu ta ragu. Amma ba a sake buɗe wa ruwa hanya ba sai 1994, aka ƙara a 1997, bayan masu bincike sun zo sun auna sun rubuta. Shekara 15 ke nan. Abin da suka rubuta ba wani abu ba ne face abin da arɗo ya daɗe da sani. Bambancin kawai, nasu yana da rana da wata da shekara.

Sauran duniya ma da haka ta ci gaba. A Masar, tun shekarar 861, zamanin Halifa Mutawakkil, aka gina ma'aunin ruwan Nilu a tsibirin Rauda na birnin Alƙahira, aka riƙa duba cikar kogi kowace shekara don a san ko za a yi yalwa ko yunwa. A Ingila wani mai gonaki, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar tohon itatuwa da isowar tsuntsaye a 1736, zuriyarsa suka ci gaba har 1958, masana yanayi kuma suna amfani da littattafan nan. Nan kusa da mu, a Baibokum ta kudancin Cadi, 'yar uwarmu Hindu Umaru Ibrahim ta tara makiyaya da manoma, maza da mata, a 2012, suka zana taswirar ƙasarsu da hannunsu, da mashayu da burtaloli da itatuwan magani. Makarantar kula da namun daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama su koyi lura da daji da rubuta abin da suka gani. Mu da muke kwana mu tashi a cikinsa, me zai hana mu?

Kuma zamanin da muke ciki ya fi na da buƙatar rubutu. Tun 2014 rashin tsaro a bakin iyaka, wajen Kolofata da Amcide da Limani da Kerawa, ya sa garkuna da yawa suka bar hanyoyin da suka saba. Hanyar da aka daina bi shekara biyar, in ba a rubuce take ba, gona za ka tarar ranar komawa. A watan Agusta da na Disamba na 2021 rigima kan ruwa tsakanin makiyaya da masunta a yankin Logon Birni ta ci rayuka, ta kai har Kusiri, dubban mutane suka tsallaka Cadi. A 2022 da 2024 kuma ambaliya ta yi ɓarna a Yagwa da kewaye. Ba mu ce littafi zai hana faɗa ko ambaliya ba. Amma inda kowa ya dogara da fatar baki, murya ce ke tashi, bayan murya kuwa sanda.

To, me za a rubuta? Abu biyar sun isa.

Na ɗaya, ruwan sama. A sami gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a kafa shi kan turke a fili nesa da itace da bukka. Kowace safiya bayan ruwa a tsoma rula a duba zurfin, a rubuta, a zubar. Zurfin nan shi ne milimitar da ma'aikatan gona ke faɗa. In babu rula a auna da gaɓar yatsa, amma mutum ɗaya ya riƙa aunawa. A rubuta kwanakin da aka yi babu ruwa a tsakiyar damina, domin su ne ke kashe sabuwar ciyawa.

Na biyu, ciyawa da itatuwa. Ina gamba ta rage, ina kyasuwa ta yi kyau, ina ƙarangiya da tafasa suka mamaye? In ka ga tumfafiya ta yi yawa a inda gamba take a da, ƙasar tana faɗa maka ta gaji. A rubuta ranar da gawo da bagaruwa da aduwa suka fara zubar da 'ya'ya, da inda aka sare su, da ranar da gobara ta ci daji.

Na uku, mashaya da burtali. Ranar da tapki ya cika da ranar da ya ƙafe. Gaba nawa igiyar guga ta kai a rijiya a watan Maris. Taku nawa ne faɗin burtali bana, tsakanin wane itace da wane dutse. Ranar da aka ga sabuwar kunya a cikinsa a rubuta, a kuma sanar da bulama ko lawan tun tana ƙarama.

Na huɗu, tsuntsaye da ƙwari: shamuwa, balbela, carki, jan baki, fara, bobuwa, kaska, da ƙudan tsando ga masu gangarawa wajen Binuwai. Har ungulu a rubuta, domin dattawa da yawa sun lura ta yi ƙaranci a mahauta.

Na biyar, lafiyar garke. Ciwon hanta daga ƙananan katantanwa na ruwan fadama yake, kuma ba ya nuna kansa sai bayan makonni ko watanni. Ciwon huhu ma yakan ɓuya a jikin saniyar da aka sayo kafin ya bazu. Saboda haka in an rubuta inda shanu suka sha, da ranar da baƙuwar saniya ta shigo, da ranar da aka ga boru ko sammore ko harbin daji, likitan dabbobi zai san inda zai fara. A rubuta ranar allura kuma. Cibiyar LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa, wadda aka kafa a 1983, tana yin alluran rigakafi, amma tuna ranar maimaitawa aikin mai garke ne. Bushiya da ta ƙarar da garkuna a 1983 an bayyana kawar da ita daga duniya a 2011, kuma allura da kai rahoto a kan kari ne suka yi aikin.

Layi biyu ko uku sun wadatar. Misali: "12 ga Yuni. Ruwa da la'asar, milimita 18. Tapkin yamma ya kama ruwa. Bobuwa ta fara damun shanu." A yi da ajami, ko boko, ko Fulatanci, ko Larabci, duk ɗaya ne. Sai dai a sa kwanan watan boko ko da an sa na Musulunci, domin watanninmu suna matsowa da kwana 11 kowace shekara. Wanda ya ce tapki ya ƙafe a watan azumi bai faɗi lokacin rani ko na damina ba sai ya faɗi shekara.

Mun san abin da wasu za su ce. Wani zai ce bai yi makaranta ba. Mai wannan rubutu ma a firamare ya tsaya. In babu mai rubutu a ruga, akwai malamin allo, akwai yaro ɗan makaranta. Dattijo ya faɗa, yaro ya rubuta, ilimin ya shiga kai biyu ke nan. Kada a manta da mata, domin su ne ke fara sanin nono ya ragu, su ne kuma suka san itatuwan da suka ɓace. Wani zai ce waya ta isa. Hoto da murya suna taimakawa, amma waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, caji yana ƙarewa. A ɗauka a waya, a mayar cikin kaye, a nannaɗe shi a leda.

Akwai kuma masu tsoron kada littafin ya zama makami a hannun ɓarayi da masu garkuwa da mutane, ko ya tono abin da aka saba ɓoyewa tun zamanin jangali. Wannan tsoro yana da hujja, kuma ba mu raina shi ba. Shawararmu ita ce kada a rubuta yawan shanu, ko kuɗin da aka samu, ko inda za a kwana gobe. Littafin na daji ne, dukiya ba ta shiga cikinsa. Muna kuma gaya muku gaskiya cewa ba takardar mallakar ƙasa ba ne. Bisa dokar ƙasa ta 1974, dajin kiwo da ba shi da takarda yana ƙarƙashin kulawar gwamnati. Amma littafin shekara biyar wanda bulama ya gani ya sa hannu a ƙarshen kowace damina, shaida ce da ba a ture ta da baki.

Fatake da dillalai, ku ma da ku muke. Kun fi kowa sanin cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Ku da kuke zirga-zirga tsakanin kasuwar Lahadi ta Mora da Meme da Bogo da Adumri, kuna ganin abin da mai ruga ɗaya ba ya gani. Ku ware shafi a littafin cinikinku ku rubuta inda kuka sami ruwa a hanya, inda aka toshe, da yankin da shanunsa suka zo a rame. Bayan shekara uku za ku san watan saye da watan sayarwa fiye da yadda kuka sani yau.

A ƙarshe muna kira ga arɗaɗe da shugabannin rassa da su tabbatar kowace ruga ta fara kafin ruwan farko. In kaka ta yi, a zo da littattafan taron reshe a karanta, a kwafe abin da ya shafi burtali da mashaya a ajiye a ofis, littafi kuma ya koma ga mai shi. Sannu sannu kwana nesa. Ranar da aka sake tambayarmu tun yaushe muke shayarwa a tapki kaza, muna so yaro ya buɗe shafi ya karanta, dattijo ya ce haka ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dabbobinmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.