Darasin Da Ke Cikin Wasan BBC Da Aka Tsinta A Jos

A watan Oktoban 2013, BBC ta sanar da gano kashi tara na tsohon wasanta na talabijin, Doctor Who, a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos. Cikinsu akwai The Web of Fear na 1968, labarin wata halitta daga sararin samaniya da ta mamaye hanyoyin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Landan. BBC da kanta ta goge nata kaset ɗin. Kwafin da aka sayar ƙetare ne ya ceci wasan.

To, Samanja Mazan Fama da Karambana na Kasimu Yero fa, wa zai tsinto mana su idan suka salwanta? Tukwanen Ladi Kwali, abin alfaharinmu a nan Kwali, suna nan a gidajen tarihi, amma kaset ba shi da juriyar yumɓu. Zafi da ƙura ke cinye shi.

Ya kamata masu tsara kasafin kuɗin tarayya su ware wa NTA kuɗin kwafe tsofaffin shirye-shiryenta zuwa kwamfuta. Abin da ya ruɓe a sito, babu sa hannun da zai dawo da shi.