Murɗe Waya da Filaya Ba Gyara Ba Ne

Kwanakin baya na shiga ɗakin gwaje-gwajenmu da safiyar wata Litinin, na tarar da firijin da muke ajiye samfuran jini ya mutu, aikin wata uku na ɗalibaina ya lalace. Da aka buɗe bayansa, sai muka ga injin lafiyarsa lau. Ashe wani mai gyara ne ya taɓa haɗa wayoyi biyu, ya murɗe su da filaya, ya naɗe da salatef. Mahaɗar ta yi zafi har ta ƙone ƙurmus. Allah ne ya kiyaye gobara ba ta tashi ba.

Ni malamin ilimin halittu ne, amma wannan hasara ta tilasta mini bin diddigin al'amarin. Abin da na fahimta shi ne, sau da yawa lalacewar kayan lantarki a mahaɗar waya take farawa, kuma ingancin mahaɗa ya rataya ne a kan irin abin da aka matse ta da shi.

Tun wajen shekarar 1841 wani masani ɗan Ingila, James Joule, ya nuna cewa duk inda wutar lantarki ta gamu da turjiya, zafi take haifarwa, kuma idan ƙarfin wutar ya ninka sau biyu, zafin zai ninka sau huɗu. Alal misali, wuta mai amfiya 10 da ta ratsa sakakkiyar mahaɗa mai turjiyar rabin om za ta ba da zafi na wat 50. Mai karatu ya kwatanta zafin ƙwan fitila irin na da, a tattare a wurin da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Zafin yana jawo tsatsa, tsatsar ta ƙara turjiya, turjiyar ta ƙara zafi. Raɓar daminar Kaduna kuwa sai ta ƙara iza wutar.

Maganin wannan ba sabo ba ne. A 1941 aka kafa kamfanin AMP a Amurka, wanda ya yaɗa dabarar sanya bakin waya cikin ɗan kube na ƙarfe, a matse shi da filaya ta musamman. Matsin yana dunƙule silin wayar da kuben su zama tamkar ƙarfe guda, ba kafar da iska za ta shiga. Shi ya sa masu ƙera motoci da jiragen sama suka fi dogara da matsi a kan liƙi da dalma, domin dalma tana sandarar da waya, girgiza kuma ta karya ta.

To, wace irin filaya ya kamata mai gyara ya saya? Da farko ya dubi irin kuben da yake aiki da shi. Akwai mai rigar roba, wanda launinsa ke nuna kaurin wayar da ta dace da shi: ja na siririyar waya, shuɗi na matsakaiciya, rawaya na kakkaura. Akwai kuma buɗaɗɗe mai fukafukai biyu-biyu, irin wanda ake gani a mota da injin wanki da na'urorin wasa. Fukafukan gaba suna riƙe ƙarfen wayar, na baya suna riƙe robarta. Kowanne da irin haƙorin da ke matse shi, kuma haƙorin wannan ba ya aikin wancan. Na biyu, ya zaɓi filaya mai makulli, wadda ba ta sakin kube sai matsi ya cika, don kada aikin ya dogara da ƙarfin hannu ko gajiyar yamma. Na uku, ya gwada tun a gaban mai shago: ya matse waya, ya ja ta da ƙarfi. In ta zare, ya ajiye filayar ya yi gaba.

Na san za a ce tsada. Gaskiya ne filaya mai makulli ta fi ta gama-gari kuɗi, kuma yaron da ke koyon sana'a a Panteka ba shi da rarar da zai saya. Amma sau ɗaya ake sayenta, ta yi shekaru tana aiki. A auna kuɗinta da na firiji ɗaya, ko batirin sola, balle shago guda a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Saboda haka ina kira ga shugabannin masu sana'a a Panteka da su tanadi irin wannan filaya a kowace rumfa, ko da ta haɗin gwiwa ce. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da ke maƙwabtaka da su, za ta iya koyar da aikin matsi cikin yini guda. Hukumar SON kuma ta sa ido a kan kube da wayoyin jabu, musamman na sanholo da aka shafa wa jan ƙarfe. Mu kuwa masu ba da gyara, mu daina biyan kuɗi ido rufe. Kafin a naɗe salatef, mu ce a nuna mana mahaɗar.