Mu Masu Cin Goro, Me Ya Sa Muke Dukan Yaro Don Ya Tauna Wuyan Riga?

Maganar wannan mako za ta yi wa wasu iyaye da malamai ɗaci, amma gara a faɗe ta.

Kowannenmu ya san irin yaron. Wuyan rigarsa kullum a jiƙe, murfin bironsa a tattaune, idan mace ce bakin hijabinta ya zama tsumma. Ya wuce shekarun fitar haƙora, wani ya kai shekara 10, amma bakinsa ba ya hutawa. A gida a shafa masa maɗaci ko barkono a yatsu. A makaranta a sa masa bulala. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a ce ƙazami ne, ko dolo, ko an yi masa asiri. Ni dai ina ganin zalunci ne muke yi, kuma mun fi kowa rashin hujjar yin sa.

Ku dubi bakunanmu. Dattijo yana zaune a majalisa da goro a kunci tun hantsi. Direban da ya taso daga Haɗejia zuwa Kano yana tauna goro don kada barci ya sace shi. Ga mai aswaki, ga 'yan mata da cingam, ga aya, ga rake, ga gorubar da ta cika fadamunmu, wadda babu wanda ya tashi a ƙasar nan bai gwigwiya ba. Tambayi mai cin goro dalili, zai ce yana wartsake shi, yana tattara masa hankali. Mun yarda da wannan ga mai furfura, mun hana wa ɗan shekara 7. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ga abin da masana suka gano. Ƙwaƙwalwar mutane ba ɗaya take karɓar sauti da haske da taɓi da wari ba. Ƙarar injin markaɗe da kai ba ka ma lura da ita ba, wani yaron ji yake kamar ana sara masa kai. Wani kuma jikinsa neman matsi yake yi kafin ya natsu, kuma muƙamuƙi na cikin wuraren da suka fi ba da wannan matsin. Shi ya sa tauna take kwantar masa da hankali. An fi ganin haka ga masu galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, ko da yake ba duk mai tauna ne yake da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin ƙiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura. A shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya wannan bambancin ji da gani da taɓi cikin alamomin da ake dubawa kafin a tabbatar da ita. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware ranar 2 ga Afrilu domin wayar da kai a kanta. Mu kuwa har yau barkono muke shafawa.

Za a ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda, amma tarbiyya tana aiki ne a kan abin da yaro ya yi da gangan. Wanda ya hana yaro tauna bai cire masa buƙatar ba, hanya ɗaya kawai ya toshe. Sai ya koma cizon hannunsa, ko cizon ƙaninsa, ko ya ɓoye ya tauna abin da ya fi riga haɗari: tsohon batir, ledar bola, wayar lantarki, fentin da ya ɓanɓare daga bango. Wanda ya tuna yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a shekarar 2010 ya san abin da ke shiga bakin yaro ba abin wasa ba ne.

A ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci, sun sama wa buƙatar mafita mai sauƙi. Suna yin abin wuya ko abin hannu da wata roba mai tsafta da ake kira silikon, irin wadda ake yin bakin bulumbotin jarirai da ita. Yaro ya rataya, idan abin ya motsa ya tauna, ya ci gaba da karatunsa. Igiyar tana da maɓalli mai ɓallewa da kansa idan an fizga, don kada ta shaƙe shi. Na san wani zai ce kayan Turawa ne. To tun yaushe rataya wa yaro abu a wuya ya zama baƙon abu a ƙasar Hausa? Tabarau ma daga waje ya zo, kuma babu wanda ya ce a doki yaro har sai ya ga allo.

Sai dai a yi hattara da 'yan kasuwa. Wannan abin wuya ba ya warkar da galahanga, duk wanda ya ce maka yana warkarwa aljihunka yake so. Kuma ba kowace tsakiya ko robar kasuwa ce ta dace ba. Ƙananan duwatsun ado suna iya tsinkewa su maƙale a maƙogwaro, fatar da aka rina da roba mai fenti kuwa ba a san abin da ke cikinsu ba. Ba a rataya wa jariri, ba a barin yaro ya kwana da shi, a riƙa duba shi, da ya tsage a sauya. A wanke shi kullum da sabulu da ruwa mai tsafta, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo. Wanda bai samu na silikon ba, aswaki mai kyau yana nan, tela ma zai iya ninka farin ƙyalle mai kauri ya ɗinke shi gam a maƙala a riga. Idan kuma yaro haɗiye ƙasa ko gawayi ko alli yake yi, wannan wata matsala ce daban da sau da yawa take tafiya da ƙarancin jini, asibiti za a kai shi.

Mu 'yan bakin kogi muna da wani ƙarin dalili. A ambaliyar 2020 da ta 2022, mutanen Auyo da Kirikasamma da Guri da Kafin Hausa da yawa sun bar gidajensu, wasu suka tare a azuzuwan makarantu. Ku yi tunanin yaron da ƙarar janareta kaɗai ke gigita shi, an cusa shi ɗaki ɗaya da iyalai da dama, ga kukan jarirai, ga sauro, ga tabarmar da ya saba da ita ruwa ya tafi da ita. Wuyan rigar nan shi ne kaɗai abin da ya rage masa na natsuwa. A nan ne kuma ake fi dukansa, don wai yana kunyata uwarsa a gaban mutane. Masu rabon kayan agaji suna lissafa buhun shinkafa da gidan sauro. Ware kusurwa guda mai shiru saboda irin waɗannan yara ba ya cin ko sisi.

Jihar Jigawa ta yi abin yabo a shekarar 2007 da ta fara biyan masu nakasa alawus na Naira 7,000 a wata, kuma a Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Amma idonmu ya saba da nakasar da ake gani, ta mai sanda da mai keke. Wanda lalurarsa take cikin kunne da fata da muƙamuƙi, sunansa mai taurin kai.

Abin da nake nema bai kai a jira gwamnati ba. Malam, ka bar yaron ya riƙe abin taunarsa a aji, ka zaunar da shi nesa da taga mai hayaniya, ka tsawatar wa masu yi masa dariya. Uwa, ki lura da lokacin da taunar take ƙaruwa, za ki gano abin da ke damunsa. Uba, kafin ka ɗaga bulala, ka tofar da goron da ke bakinka tukuna.

Wanda yake ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, amma ya zo da hujja. Allah Ya ba mu ikon tausaya wa 'ya'yanmu.

Ɗan uwanku, daga Haɗejia.