BIKIN YINI ƊAYA, BASHIN SHEKARA UKU: DATTAWA, HAR YAUSHE ZA MU YI SHIRU?

 Maganar da na kawo a wannan fitowa ba mai daɗi ba ce, kuma na san akwai waɗanda za su ce na shiga sharo ba shanu. To, sai a yi mini haƙuri. Na daɗe ina zama a majalisar dattawa, kuma yawancin ƙararrakin da ake kawo mana, in ka tona sai ka iske kuɗi ne a gindinsu: mata ta yi yaji domin babu cefane, ɗan'uwa ya daina zuwa sujada domin wanda ke binsa bashi yana zama a bencin gaba, an koro yaro daga makaranta. Muna yin sulhu, mu yi addu'a, mu tashi. Amma tushen ciwon ba mu taɓa shi ba, domin da hannunmu a ciki.

Bari in fara da laifin kaina. Wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu ya aurar da 'yarsa a watan Disamba. An yanka sa, an kafa rumfuna, an ɗauko mai kiɗa daga birni, an yi anko kala uku: na dangin amarya, na ƙawaye, da na zumuntar mata. Na je, na ci, na sa albarka. Ashe masarar da ya noma duk ta tafi kasuwa tun kafin ta gama bushewa, ya kuma jinginar da gonarsa ta bakin rafi. Da Janairu ta yi aka koro 'ya'yansa biyu saboda kuɗin makaranta. Da Yuli ta yi, mutumin da ya ciyar da gari guda ya koma awo da rabin kwano. Ya zo gaban dattawa yana sunkuyar da kai, muka ɗiba daga baiko muka ba shi. A cikinmu babu wanda ya ce, "Mu ma da laifinmu." Alhali tun ana shirin bikin mun ga inda aka dosa, muka yi shiru domin kada a ce muna yi masa baƙin ciki.

Kada wani ya ɗauka ina cewa talaucinmu duk mu muka jawo wa kanmu. Ko kusa. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta wuce naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a Yuli 2024, amma manomi da mai facin taya da gwauruwa mai tuyar ƙosai ba su da albashin da za a ɗaga. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai tambayata ita ce: tun da kuɗin shiga ya ƙanƙance haka, me ya sa bukukuwanmu ba su ƙanƙance ba? Tukunya ta ragu, mu kuwa mun ƙara faranti.

Ku dubi yadda shekararmu take tafiya. Kaka na yi a Oktoba da Nuwamba, lokacin da kowa ke kai hatsi kasuwa, farashi kuma yakan yi ƙasa. A daidai lokacin ne muke jera godiyar kaka, da kayan Kirsimeti, da aure a kusan kowace Asabar. Janairu na jiranmu da kuɗin makaranta na zango na biyu. Mayu da Yuni na jiranmu da kuɗin taki da iri da huɗa. Yuli da Agusta kuma rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zuwa ba zato. Kowace shekara haka suke zuwa, amma kowace shekara sai mu yi kamar baƙi ne suka sauka mana da tsakar dare. Ba ina cewa a ɓoye hatsi don neman riba ba. Waɗanda suka yi haka sun ji jiki a 2025 da farashin masara ya faɗi, taki kuwa bai sauko ba. Abin da nake cewa shi ne, abincin gida ba na sayarwa ba ne don a ɗinka anko.

Daga biki sai bashi. A ce ka karɓi naira 100,000 a hannun mai ba da bashi da ruwa, a kan za ka riƙa ba shi naira 20,000 kowane wata. Cikin wata biyar ka ba shi naira 100,000 cif, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. In shekara ta zagayo ka ba shi naira 240,000, har yanzu yana binka dubu ɗarinsa. Yanzu kuma ga bashin waya, wanda matasanmu ke karɓa cikin minti biyar ba tare da iyayensu ko matansu sun sani ba. In ranar biya ta wuce, sai a bi lambobin da ke cikin wayar ana aika saƙon cin mutunci, har ga fasto da surukai. Wanda bashi ya shaƙe kuwa, shi ne farkon wanda 'yan damfara ke kamawa. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, muka ce mun yi hankali. A Afrilu 2025 CBEX ta sake yin irin ta. Abin baƙin ciki, sau da yawa a harabar majami'a ake tallar irin waɗannan abubuwa, bayan an tashi sujada, daga bakin wanda aka amince da shi.

Yanzu sai in juyo kanmu, mu shugabanni, domin a nan ne maganar ta fi zafi. Sau nawa a shekara muke kiran taron gidauniya? Zumuntar mata da zanenta, mawaƙa da rigarsu, matasa da tasu, kowane babban taro kuma sai an fito da sabon yadi. Matar da ke cikin ƙungiya biyu, a ina za ta samo? Muna kiran sunaye da lasifika, wane ya ba da kaza, a tafa masa, har mai ƙaramin ƙarfi ya tashi ya yi alkawarin abin da ba shi da shi don gudun kunya. Sannan mu gayyato baƙon mai wa'azi ya ce wa mutane su shuka iri da kuɗin makarantar 'ya'yansu, wai za a ninka musu kafin wata ya ƙare. Shi ya shiga mota ya tafi, mu aka bar mu da kukan. Ban hana baiko ba, ban hana zakka ba, Allah ya kiyaye. Amma bayarwar da aka matso daga mutum da kunya a gaban taro, wannan ba bayarwa da yardar zuciya ba ce, tatsa ce.

Na san amsoshin da za a ba ni. Wani zai ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, amma akwai bashin taki wanda gona za ta biya, akwai kuma bashin kiɗa da rawa wanda babu mai biyansa sai cikin yaranka. Wani zai ce ai Yesu ma ya je biki a Kana. Ya je, kuma babu mai cewa kada a yi murna. Amma ko a can abin sha ya ƙare, ba mu kuma karanta cewa ango ya jinginar da gonarsa ba. Wani kuma zai ce yawan lissafi rashin bangaskiya ne, Allah zai tanada. To, Yusufu bai da bangaskiya ne da ya ba da shawarar a ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekaru bakwai na ƙoshi? Ubangiji da ya ciyar da mutum dubu biyar, ai bai bar gutsattsarin a ƙasa ba, sai da aka tattara kwando goma sha biyu. Gwauruwar nan da mai bashi ya zo ɗaukar 'ya'yanta biyu, da Allah ya cika mata tuluna da mai, abin da Elisha ya fara sa ta yi shi ne biyan bashi, sannan su ci saura. Tanadin Allah bai taɓa zama lasisin almubazzaranci ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan magana ta fi shafarmu, mu da muke 'yan kaɗan a garuruwanmu. Abu biyu ne ke riƙe da ikilisiyoyinmu na karkara a duniyance: gona da karatun yara. Gonar da aka sayar da wuya ta dawo. In ta tafi, maigida ya tafi birni neman gadi ko acaba, iyali su bi shi, benci guda ya zama wofi ranar Lahadi. Yaron da aka cire daga makaranta yau, shi ne malamin asibiti ko mai bisharar da za mu rasa gobe. Muna yawan kukan cewa an danne mu, kuma a wurare da dama kukan yana da dalili. Amma wanda ya sayar da gonar ubansa don bikin yini ɗaya, ba wani ne ya kore shi ba.

To, mene ne abin yi? A gida, miji da mata su zauna su yi lissafi tare, ba ɓoye-ɓoye. Maigida da ke ɓoye wa matarsa abin da yake samu, kada ya yi mamaki in ta nemi abin da ya fi ƙarfinsa. Ku auna abin da kuke ci. Gidan da ke cin kwano biyu a yini yana bukatar kwano 730 a shekara. In buhunku na cin kwano 40 ne, buhu 18 ke nan da 'yan kai. A ware wannan tukuna kafin a kai ko tiya ɗaya kasuwa. Wake kuma a zuba shi a buhun PICS mai riɓi uku, a ɗaure da kyau, ƙwari ba za su ci ba, ba kuma sai an sa magani ba. Bayan abinci sai kuɗin makaranta, sai na taki, sai ɗan abin da za a ajiye don rashin lafiya, ko da akuya ce a ɗaure. Abin da ya rage shi ne na biki, daidai ruwa daidai tsaki. Iyayenmu mata masu adashe, ku tsara kwasa ta faɗo a kan Satumba da Janairu, ba a kan ranar anko ba.

Ku kuma 'yan'uwana dattawa da fastoci, ina roƙon a kai waɗannan gaban majalisa. Na ɗaya, a lokacin koyarwar masu shirin aure, a tambayi iyaye a fili ko za a ci bashi ko a taɓa gona, a kuma ba su shawara tun da sauran lokaci. Na biyu, anko ya zama kala ɗaya, kuma ba dole ba. Zanen zumunta ya yi shekaru kafin a canja. Na uku, a rage yawan gidauniya, a daina kiran suna da adadi. Na huɗu, a hana tallar kowace harkar ninka kuɗi a harabar majami'a, ko wane ne ya kawo ta. Na biyar, wanda ya fi duka wuya: mu fara da gidajenmu. Ranar da dattijo mai hali ya aurar da 'yarsa da sauƙi, ya ciyar da baƙi abinci mai kyau ba tare da fariya ba, ranar ce talaka zai sami bakin cewa shi ma haka zai yi. Muddin manya na gasa, ƙanana za su bi, kuma wanda ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa.

Ɗan'uwan nan da na ba ku labarinsa, har yau gonarsa ta bakin rafi tana hannun wani. Masu anko sun daɗe da mayar da zanen na aikin gida. Kaka na tafe, Disamba na biye da ita. Kafin a kawo mana katin gayyata na gaba, bari mu yanke shawara ko za mu faɗi gaskiya cikin ƙauna, ko kuwa za mu sake cin shinkafa mu yi shiru. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa a hannunmu. Amin.