Ba a Auna Ƙato da Agogo

Akwai wani ƙorafi da ba ya tsufa a bakin magoya bayan zari-ruga na 'yan sha uku, a Ostareliya da arewacin Ingila. Duk ranar da ƙungiya ta sha kashi, kafin 'yan wasa su gama kwance takalma an ɗauko shi: ana biyan wannan ƙaton miliyan guda a shekara, amma minti 50 kacal ya buga. Ƙorafin yana da ƙane, wanda shi ma ba ya fashi: dubi yaron da ke shigowa daga benci, a minti 25 ya yi abin da wasu ba su yi a 60 ba, me ya hana koci ya bar shi ya buga 80?

Kamar zantukan biyu suna karo da juna, amma uwarsu ɗaya. Dukansu sun ɗauka minti minti ne, na biyar daidai yake da na saba'in, kuma darajar ɗan wasa tana hawa ne kamar kuɗin awon hatsi, mudu biyu ninkin mudu ɗaya. Wannan lissafi ƙarya ne, kuma ba masu yin sa ne ke biyan kuɗin kuskuren ba. Wani ne ke biya, da kafaɗarsa da ƙwaƙwalwarsa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum 13 ne a kowane ɓangare, minti 80 ake yi. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kayar da ita sau shida kafin ƙwallon ta koma hannun abokan karawa. Bayan kowace kayarwa, masu tsaro sai sun ja baya mita 10, sannan su sake rugowa. A tsakiyar fili akwai ƙatti uku, biyu a gaba ɗaya a bayansu, yawancinsu sun haura kilo 105. Aikinsu shi ne su karɓi ƙwallo su afka wa bangon mutane uku da ke jiransu, sannan idan ƙwallo ta juya su zama su ne bangon. Ƙato ɗaya kan yi kamu 30 ko fiye a wasa guda, kowane kamu da tashi daga ƙasa da ja da baya da dawowa. Shi ya sa al'ada ita ce a fitar da shi wajen minti na 20 zuwa 25, ya huta, a mayar da shi daga baya.

To mu fara da ƙaramin ƙorafin, na yaron benci. A ɗauka, don misali, ya ci mita 100 da ƙwallo a minti 25. Mai goyon baya ya ciro waya ya raba, ya ga mita huɗu a kowane minti, ya ninka da 80, ya samu mita 320, sai ya yanke hukunci cewa koci bai san aikinsa ba. Abin da wayar ba ta faɗa masa ba shi ne lokacin da yaron ya shigo. Ya shigo ne bayan an yi minti 20 ana gwabzawa, masu tsaron da ke gabansa numfashi ya fara yi musu wuya, layinsu ya fara karkacewa, shi kuwa ko gumi bai yi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya tsaga bangon? Wanda ya fara wasan, wanda ya yi karo da mutane lokacin da kowa ke da cikakken ƙarfinsa, ya ci mita bakwai-bakwai da ƙyar, sannan ya fita da alƙaluman da ba su burge kowa ba.

Penrith ta nuna wannan a fili. Ta ci kofin NRL sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024. A uku na farko Spencer Leniu yana shigowa ne daga benci kamar an harba dutse, kuma ba a rasa masu cewa ana tauye shi. Amma James Fisher-Harris da Moses Leota ne ke fara wasan, su ke cinye zafin mintunan farko. A wasan ƙarshe na 2023 Brisbane tana gaba da ci 24 da 8, saura ƙasa da minti 20. Nathan Cleary ya ɓalle ta tsakiya, kuma wanda ya biyo shi a guje ya karɓi ƙwallon ya sauke ta bayan layi shi ne Leota, ƙaton da ya fara wasa, ya huta, ya dawo da sauran ƙarfi a ƙafarsa. An tashi 26 da 24. Da an bi shawarar masu agogo an bar shi a fili tun daga farko, a wannan mintin da hannu a ƙugu za a same shi.

A sana'ata ta rubuta manhaja mun san irin wannan lissafin, don an daɗe ana yi mana shi. An taɓa yin zamanin da ake auna mai rubuta manhaja da yawan layukan da ya rubuta a rana, sai aka wayi gari wanda ya warware matsala da layi goma shi ne malalaci, wanda ya cika shafuka da shirme shi ne gwarzo. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a IBM, ya rubuta littafi a 1975 mai suna The Mythical Man-Month don ya nuna cewa mutum da wata ba kuɗin canji ba ne, ba ka ninka ɗaya ka rage ɗaya ka samu sakamako iri ɗaya. Har kwamfuta ma, da ba ta da huhu, idan ta yi zafi rage gudu take yi da kanta don kada ta ƙone. Mun yarda da wannan ga ƙarfe da waya. Ga ɗan Adam mai kilo 115 ne muke musu.

Yanzu babban ƙorafin, na kuɗi. Babu wanda ya sha shi kamar Jason Taumalolo na North Queensland Cowboys. Yana cikin waɗanda suka ci wa ƙungiyar kofinta na farko a 2015. A 2016 ya raba kyautar Dally M ta gwarzon shekara da Cooper Cronk, abin da ƙatti ba kasafai suke samu ba. A 2017 ya sa hannu a kwantiragin shekara 10 na kusan dalar Ostareliya miliyan 10. Daga ranar nan magoya baya suka daina kallonsa a matsayin mutum, suka mayar da shi mita irin ta wutar lantarki. Da Todd Payten ya karɓi horar da ƙungiyar a 2021, ya rage masa mintuna, kuma bayan wasan farko, wanda Penrith ta doke su 24 da nema, ya soki ƙwazonsa na tsaro a gaban 'yan jarida. Hujjarsa ita ce akwai sauran shekaru masu yawa a kwantiragin, idan aka ci gaba da tatsar mutumin kamar da, ba zai kai ƙarshensu da wani amfani ba. Aka yi wa Payten ca. Shekarar ta yi muni, Taumalolo ya yi ta fama da karayar hannu, ƙungiyar ta ƙare ta 15 cikin 16, masu agogo suka ce ga shi nan mun faɗa. A 2022 Cowboys ta ƙare ta uku, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, aka ba Payten kyautar kocin shekara. Ban ce rage mintunan mutum ɗaya ne ya kawo wannan ba, don da na faɗi haka na shiga sahun waɗanda nake suka. Abin da nake cewa shi ne, da a ce mintunan Taumalolo ne ke juya ƙungiyar kamar yadda aka yi ta rantsuwa a 2021, da 2022 ba ta yiwu ba.

Kuma wasan da Payten ya tarar ba shi ne wanda aka sa hannu a kwantiragin a cikinsa ba. An daɗe ana matse ƙatti da gangan. A 2001 canji 12 aka yarda wa kowace ƙungiya a wasa, a 2008 aka mayar 10, a 2016 aka mayar 8. A 2020 aka kawo dokar da ta ce idan masu tsaro suka yi jinkirin sakin wanda suka kayar, maimakon a tsayar da wasa sai alƙali ya sake ƙirgen shida daga farko ana cikin gudu. Tsayawar nan da aka cire ita ce inda ƙato ke satar numfashi. Minti 60 na bayan wannan dokar ya fi minti 60 na gabanta tsada a jiki, amma a takardar alƙaluma lamba ɗaya ce.

Masu agogo suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Tunda canji takwas ne kawai, ƙaton da zai iya daɗewa a fili ba tare da ya lalace ba yana ajiye wa koci canjin da zai yi amfani da shi a wani wuri. Kuma tunda akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, miliyan ɗaya da aka ba mutum ɗaya an hana wani ne. Za su nuna maka Payne Haas na Brisbane, wanda ke buga mintunan da ba a saba gani ga mai girmansa ba, kuma ƙungiyarsa ta ci kofi a 2025. Gaskiya ne. Amma ana maganar Haas ne saboda ba shi da na biyu. Wanda ya ɗauki abin al'ajabi ya mai da shi ma'auni, kowa zai fito masa a gajere. Sannan darajar Haas ba a yawan mintunan take ba, tana cikin cewa karonsa na minti na 65 bai bambanta sosai da na minti na 5 ba. Ga yawancin ƙatti, ƙarin minti 15 ɗin da ake nema musu su ne mintunan da ake makara wajen komawa layi, a bar rami a gefen kafaɗa, ɗan ƙaramin mai sauri ya wuce ta nan. Washegari kuma mutanen da suka nemi ƙarin mintunan su ne za su yi ta yaɗa hoton ramin.

Daga ina wannan ciwon ƙirge ya samo ƙarfi? Ina zargin wasannin haɗa ƙungiya a waya, irin su SuperCoach da NRL Fantasy, inda mutum ke zaɓar 'yan wasa na gaske ya tara maki daga alƙalumansu. A can, ƙaton da aka fitar a minti na 25 ya daina kawo maki, don haka koci ya zama ɓarawo. Na san yadda ake gina irin waɗannan manhajoji: abin da ake iya ƙirgawa shi ake ba maki, abin da ba a iya ƙirgawa sai ya zama kamar babu shi. Gudun yaudara da ƙato ya yi ba ƙwallo a hannunsa, ya janye masu tsaro biyu. Saurin tashinsa bayan an kayar da shi, wanda ya hana layin tsaro daidaituwa. Matsin da ya yi wa mai bugun ƙwallo har ya buga a gurguje. Waɗannan su ke cin wasa, kuma mai kallon waya bai gan su ba domin idonsa ba ya fili.

Akwai kuma tatsuniyar jarumta, wadda ta girmi waya. A wasan ƙarshe na 2014, Sam Burgess na South Sydney ya karya ƙashin kuncinsa a karon farko da James Graham, ya buga minti 80 cur, aka ba shi kyautar gwarzon wasan, ƙungiyarsa ta ci kofin da ta yi shekara 43 tana jira. Labari ne mai daɗin bayarwa. Wanda ba a cika haɗawa da shi ba shi ne Burgess ya ajiye wasa a 2019 yana ɗan shekara 30, kafaɗa ta ƙi. Steve Folkes, tsohon ɗan gaban Canterbury, ya rasu a 2018, kuma binciken ƙwaƙwalwarsa ya nuna cutar da likitoci ke kira CTE, wadda ake dangantawa da yawan buguwar kai. Gajiyayyen mutum shi ke sa kai a inda kafaɗa ya kamata ta shiga. Jiki magayi, amma ba ya gaya wa ɗan kallo komai, mai shi yake gaya wa, wani lokacin bayan shekara 20.

Don haka ga abin da nake nema daga mai goyon baya. Idan an fitar da ƙatonka, kada ka kalli agogo, kalli abin da ya bari. A ina ƙungiyarka ke gama kayarwa ta shida lokacin da yake ciki, a rabinta ko a rabin abokan karawa? Masu tsaron da ya yi ta karo da su, suna tsaye daram ko sun dafa gwiwa? Da ya dawo, ya dawo da ƙarfi ko jan ƙafa yake? Idan amsoshin ba su yi daɗi ba, soke shi son ranka, ka soki kocin ma. Wannan suka ce ta wanda ya kalli wasa.

An haifi wannan wasa ne a ranar 29 ga Agusta 1895, a otal ɗin George da ke Huddersfield, lokacin da ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka ɓalle saboda an hana su biyan 'yan wasansu, ma'aikatan ma'adinai da masaƙu, ladan aikin da suke rasawa idan sun je wasa. Wato tun asali wasan ya tsaya ne a bayan mai aikin ƙarfi. Abin kunya ne a ce bayan shekara 130 magoya bayansa sun koma tsayawa a bakin ƙofa da littafin ƙirge, suna tambayar me ya sa lebura ya zauna.